Ai Kanwa Ba Gishiri Ba Ce

A unguwarsu a Wudil, in mace ta haihu, kafin labari ya kai gidan surukai ya riga ya kai gidan Inna Hansai. Ba ungozoma ba ce, da bakinta take faɗa, ba ta taɓa yanke cibiya ba kuma ba ta sha'awa. Nata aikin yana farawa ne bayan an sauka lafiya, domin ita ce mai wankan jego. Ita ke hura wuta a gindin ƙatuwar tukunya, ruwa ya tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa wa mai jego har jikinta ya saki, sannan ta zaunar da ita ta miƙa mata kwanon kunun kanwa yana tururi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan aiki. In kana son ganin ɓacin ranta, ba sai ka zage ta ba, ka ce kawai kunun wance ya fi nata.

A Darki aka haife ta, gidan manoman gero. Wajen kakarta ta koyi sana'ar, tsohuwar da ba ta koyarwa da baki sai da ranƙwashi. Aure ne ya kawo ta Wudil, gidan Malam Ƙasimu mai noman rani a bakin kogi, mutum mai sanyin hali, wanda tun shekarar farko ya gane cewa gardama da Hansai ɓarnar yawu ce. Allah ya raya musu 'ya'ya biyar. Gajeriya ce mai kaurin damtse, tafin hannunta ya daɗe da daina jin zafi, har garwashi takan ɗauka da yatsu ta mayar murhu tana ci gaba da hira.

Ba ta yi boko ba, amma tana karanta jikin mace yadda malami ke karanta allo. Takan ja fatar idon mai jego ta leƙa, in ta ga fari fat sai ta ce, "Jininki ya yi ƙasa, a kai ki asibiti." Takan taɓa nono ta gane zai yi ƙurji tun mai shi ba ta fara kuka ba. Ba ta gaba da likitoci, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abu ɗaya ne ba ta yarda wani ya sa mata baki a ciki ba, shi ne kununta. Gero surfaffe, citta, kanumfari, masoro, sai ruwan kanwa ungurnu da ta jiƙa ta tace, ta zuba har kunun ya juya ya yi ruwan ɗorawa. Tun daga kakarta ta ji cewa shi ke kawo nono, ya wanke ciki, ya kori sanyi, kuma ba ta taɓa ganin dalilin shakka ba.

Autarta Khairiyya ta auri Hadi, malamin firamare a Dagumawa. Da cikin fari ya tsufa ta dawo gida, ta haihu a asibiti, 'ya mace, aka sa mata Radiyya. Da 'yar fari ce da Hansai ta yi kara, ta kau da kai kamar ba ta san ta ba. Amma auta ba a yi mata kunya. Hansai ta ɗaura ɗamara ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau 'yan unguwa za su ga yadda ake jego.

Suka kuwa gani. Sati uku da haihuwa Khairiyya ta cika ta yi ɓul-ɓul, fatarta har sheƙi take. Zobenta ya ƙi fita, silifas ɗinta ya ƙi shiga. Mata masu zuwa barka suna riƙe baki suna cewa, "Masha Allah, jego ya karɓe ki. Inna, wannan hannu naki sai dai a yi shiru." Hansai tana gyara ɗankwali tana cewa ai ba komai, Allah ne, alhali a ranta daɗi kamar ya kashe ta.

Sai dai akwai abin da masu barka ba sa gani. In Khairiyya ta tashi daga ɗaki za ta bayan gida, sai ta tsaya ta zauna a kan turmi tana haki. Ga tari busasshe da ya ƙi tafiya. Wata safiya Hansai ta shiga da kwanon kunu ta tarar ta jera matasan kai uku ta jingina da bango.

"Auta, wane irin kwanciya ne wannan kamar mai jiran mota?"

"Inna, in na miƙe a kwance sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji."

"Sanyi ne ya shige ki," in ji Hansai. Ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu.

Ana saura mako guda arba'in ta kwaɓa lalle za ta yi wa 'yarta ƙunshi, don ta koma ɗakin miji da kyanta. Ta ɗora ƙafar Khairiyya a cinyarta, ta riƙe ta wajen idon sawu. Da ta ɗage hannu sai ta ga gurbin babban yatsanta ya zauna a naman, kamar ta danna malmalar tuwo. Ta jira ya ciko, bai ciko ba. Ƙafar mata masu ƙiba nawa ta riƙe a rayuwarta, naman ƙiba kana saki yake dawowa. Ta janye zaninta ta danna nata ƙwaurin, nan take ya koma daidai. Ta sake danna na yarinyar, ramin ya sake zama. Tsoro ya kama Hansai, irin wanda ba ta ji ba tun da take aikin nan, domin ta gane abin da take ta karɓar yabo a kansa ba ƙiba ba ne, ruwa ne.

Ta ture kwanon lallen ta leƙa zaure. "Malam, samo mana adaidaita. Asibiti za mu."

Likitar da suka tarar, Dakta Saudatu, ba za ta girmi 'yar Hansai ta uku ba, kuma Hansai ta lura da hakan tun daga bakin ƙofa. Amma likitar ba ta da gaggawa. Ta gaishe su, ta tambayi kwanan jaririya, sannan ta kishingiɗar da Khairiyya, ta juya mata kai gefe, ta tsaya tana kallon wuyanta.

"Inna, matso ki gani," ta ce. "Kin ga wannan jijiyar da ta cika tana harbawa har kusa da muƙamuƙi? A mai lafiya, in ya kishingiɗa haka, da ƙyar za ki gan ta. Jini ne ya yi layi, yana jiran zuciya ta karɓe shi."

Ta sa abin sauraro a bayan Khairiyya ta ce akwai ruwa a gindin huhu, shi ke hana ta kwanciya. Ta auna jininta, ta ɗora ta a sikeli ta rubuta nauyin, ta ce a kai fitsari da jini ɗakin gwaji.

Hansai ta daɗe tana riƙe da tambayar da ke cin ta. Tana da wani ɗan'uwa a Kausani da ya kumbura haka, aka ce ƙoda ce, ya yi ta zaryar wankin ƙoda a Kano har Allah ya karɓi abinsa. Ta rage murya ta ce, "Likita, ki gaya mini gaskiya. Ƙoda ce?"

"Kumburi ɗaya ne, Inna, amma masu kawo shi da yawa. Na ƙoda ya fi son fuska da safe, ga fitsari mai kumfa. Na zuciya yakan faro daga ƙafa, ga haki. Nata ya fi kama da na zuciya. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, bari takarda ta zo."

Bayan la'asar takarda ta zo. Dakta Saudatu ta ce fitsarin kusan tas yake, ƙodar ba ta yoyo. A jinin kuwa akwai wani datti da ƙoda ke tacewa ta fitar, to shi ya ɗan haura yadda ake so.

"To ai ƙodar ce ke nan," in ji Hansai.

Likitar ta juya wajen Malam Ƙasimu, wanda ke zaune a gefe. "Baba, an ce noman rani kake. In injin ban ruwa ya yi sanyi, wane fangali ne ke fara bushewa?"

"Na can ƙarshe," ya ce.

"Laifin fangalin ne?"

"A'a, inji za a duba."

"To haka ƙodarta take. Lafiyarta lau, jini ne ba ya isa gare ta sosai. In zuciya ta farfaɗo, wannan lambar za ta sauko da kanta. Ciwo ne da ke kama wasu mata dab da haihuwa ko bayanta, kuma da yawa suna warkewa."

Kwana huɗu aka riƙe Khairiyya ana yi mata allurar da ke sa fitsari, ta zubar da kilo huɗu na ruwa, zobe ya fita da kansa. Aka tura su wani babban asibiti a Kano aka yi hoton zuciya. Da suka kawo sakamakon, likitar ta ce in jini ya cika zuciyar mai lafiya, takan tura fiye da rabinsa a bugu ɗaya, ta Khairiyya kuwa kashi talatin cikin ɗari take iya turawa. Ta rubuta magunguna, ta ce ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai, sannan ta ɗaga yatsa. "Banda gishiri, Inna. Gishiri ne ke riƙe ruwa a jiki. Ku dawo bayan sati biyu."

Duk wanda ya san Hansai ya san in ta karɓi doka sai ta fi mai dokar tsanani. Ta ware wa Khairiyya tukunyarta daban. Ba gishiri, ba ɗan dunƙulen miya, ko ƙuli-ƙuli ta hana shi shiga ɗakin. Yarinyar takan kai loma biyu ta ture kwano, ta ce miyar kamar ruwan wanke hannu. Tausayi ya kama uwar. Mai shayarwa ce, ga ciwo, ga ba ta cin abinci, da me za ta yi ƙarfi? Sai ta mayar da kunu sau uku a rana maimakon biyu, ta kuma saki hannu wajen kanwa don ya yi daɗin sha. Tana damawa tana gode wa Allah da ya bar mata abu ɗaya da za ta taimaki 'yarta da shi.

Ranar komawa asibiti sikeli ya nuna kilo uku sun dawo. Dakta Saudatu ta danna ƙwauri, rami ya zauna. Ta karɓi kwalin magani ta duba, an sha yadda ta ce. Ta sake aikawa a gwada jini, lambar ƙoda ba ta ƙaru ba, ta ma ɗan sauko. Ta jera takardun a gabanta tana dubawa.

"Ƙoda ba ta lalace ba, magani ana sha, amma ruwa na taruwa. Akwai abin da ke shiga cikinta yana riƙe shi. Inna, faɗa mini duk abin da take ci, daga safe har dare."

Hansai ta gyara zama, don nan fagenta ne. Ta lissafa tuwo da miyar kuka lami, dafaffen ƙwai ba gishiri, gasasshen nama ba yaji. "Sai kunu sau uku, shi ne ma yake riƙe da ita."

"Wane kunu?"

"Na kanwa mana. Kunun me mai jego za ta sha?"

Likitar ta ajiye biro. Hansai ta ga fuskarta ta canza, sai ta yi saurin tare ta. "Gishiri kika ce, likita. Ai kanwa ba gishiri ba ce."

"Gaskiyarki, Inna, gishiri na ce. Laifina ne da ban ambaci kanwa ba, alhali na san mai jego ce a gabana. A baki ba ɗaya suke ba, amma abin da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa, shi ne a cikin kanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Muna kwashe ruwa da magani, kunu yana mayarwa."

 Hansai ta dubi hannuwanta. Can ta ce, "Wato ni na sa mata ciwon."

"Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Akwai matan da ba su taɓa shan kunun kanwa ba suka kamu, akwai dubbai da suka sha ba abin da ya same su. Amma zuciyar da ta riga ta gaji, kanwa da tafasasshen ruwa kaya ne a kanta. Kuma kar ki manta, yatsanki ne ya kawo ta nan da wuri."

A cikin adaidaita Hansai ba ta ce komai ba, abin da Malam Ƙasimu bai taɓa gani ba a zamansu. Kunya ce ta rufe ta, da haushin kanta. Tana tuna matan da suka kumbura a hannunta cikin shekaru talatin, waɗanda aka yaba, da wasu biyu da aka ce sanyin jego ne ya tafi da su. Ba ta da hanyar sanin gaskiyar nasu yanzu, kuma rashin sanin ya fi komai ci mata rai.

Khairiyya ce ta jingina da kafaɗarta ta ce, "Inna, in kin daina magana ai sai a mayar da mu asibiti a auna ki ke ma."

"Rufe mini baki, marar kunya," in ji Hansai, ta gyara wa jaririya hula.

Suna isa gida ta shiga ɗaki ta jawo ɗan buhun kanwarta, wadda take saye da zaɓe tana ɗanɗanawa a harshe kafin ta yarda, ta dire shi gaban mijinta. "Ga shi, ka ba tumakinka su lasa. Su ba su da ciwon zuciya."

Daga ranar kununta ya koma na tsamiya da na gyaɗa, ba ga Khairiyya kaɗai ba, har ga duk mai jegon da ta kira ta. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wata tsohuwa ta ce mata a gaban mutane, "Hansai, kunun jego ba kanwa? Boko ya shige ki da tsufa?" Ta ce, "Ni na ga abin da na gani a ƙafar 'yata. Wadda ke son kanwa ga kasuwa can, amma ba da hannuna ba." Gidaje biyu ko uku suka daina aiko mata, ta yi ƙorafinsu na kwana biyu ta manta. Sauran suka saba da sabuwar al'adarta: kafin ta taɓa ruwan wanka sai ta danna ƙwaurin mai jego, ta leƙa wuyanta, ta tambaye ta da matashin kai nawa take kwana. In kuwa mai barka ta ce wance ta yi ƙiba, Hansai takan ce a bari ta taɓa tukuna.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Wata na farko nauyi ya tsaya wuri ɗaya, na biyu matasan kai suka koma biyu, sannan ɗaya. Lambar ƙoda ta sauko daidai kamar yadda likita ta faɗa, har Malam Ƙasimu ya riƙa ba abokansa labarin fangali da inji kamar shi ya ƙirƙiro. A wata na shida aka sake hoton zuciya, talatin ta zama hamsin ba biyu. Dakta Saudatu ta yi murmushi ta ce a ci gaba da magani, ta kuma dubi Hadi ta ce maganar ƙanin Radiyya sai sun zo an zauna tukuna. Hadi ya sunkuyar da kai don surukarsa na wurin, ya ce to.

Hansai ta ji lambar, ta yi hamdala, amma takarda takarda ce. Ita abin da ba ta daina gani a ranta ba shi ne 'yarta zaune tana neman numfashi, don haka ko tsintsiya ba ta bari ta ɗauka.

Yawon arba'in, da mai jego kan zaga dangi ta nuna jariri, sai a wata na bakwai aka yi shi. Suka tafi Darki wajen dangin Hansai. Mota ta sauke su a bakin titi da hantsi, daga nan zuwa gidan akwai 'yar tafiya ta cikin gonaki. Khairiyya ta goya Radiyya, wadda ta yi nauyi har ta fara zama. Hansai ta so ta karɓe ta, Khairiyya ta ƙi. Sai uwar ta saƙale majanyi a kafaɗa ta bi ta a baya, tana tsara wuraren hutawa a ranta: gindin tsamiya na farko, sai bakin rijiya, sai inuwar rumbunan gidan mai unguwa.

Suka zo tsamiya. Khairiyya ta wuce, tana ba da labarin wata maƙwabciyarta a Dagumawa da akuyarta ta cinye mata kayan miya. Hansai ba labarin take ji ba, numfashin take saurare, ko zai yanke a tsakiyar magana. Bai yanke ba. Suka zo rijiya, yarinyar ta gaida masu ɗiban ruwa ba tare da ta rage sauri ba, ta ci gaba da zancen akuya. Hanya ta ɗan yi tudu. Tazara ta fara buɗewa tsakaninsu, taku biyar, taku goma, har Hansai ta ji wani yana haki, ta duba ta ga ita ce.

Ta tsaya ta dafa ƙugu. "Auta, ke ba kya jiran tsofaffi ne?"

Khairiyya ta waiwayo daga kan tudun, goyo a bayanta, ko gumi ba ta yi ba. "Inna, ko in sauke Radiyya in goya ki?"

Hansai ta buɗe baki za ta rama, abin da ba ta taɓa rasawa ba, sai hawaye suka riga ta. Daɗi ne ya cika ta har ya zubo ta ido. Ta sami tushen wata bishiya ta zauna, ta share fuska da majanyin da ta ɗauko don karɓar goyo, ta ɗaga wa 'yarta hannu.

"Yi gaba abinki," ta ce. "Ki ce musu ina tafe."